Nawa kwanjelater yake ci a wata?

Da bazara, cikin watan Afrilu da na Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Ruwan randa ma ba ya kashe ƙishirwa sosai. A wannan lokaci ƙanƙara takan yi daraja. In azumi ya faɗo cikin zafi, tun da la'asar yara suke fita da kwanoni, suna neman gidan da ake sayar da ita.

Mata da yawa a birane suna yin wannan sana'a cikin gidajensu. Suna sayar da ƙanƙara, da zoɓo mai sanyi, da ruwan tsamiya, da yawur. Da ribar suke sayen sabulu da kayan miya da littattafan yara. Jarinsu shi ne wani babban akwati fari mai murfi daga sama. Sunansa kwanjelater. Wajen iyaka da Najeriya ana ce masa firiza.

Kwanjelater kamar doki yake. Wanda ya sayi doki bai gama biya ba, don kullum sai ya ba shi dawa da harawa. Hakanan kwanjelater. Kuɗin saye sau ɗaya ake ba da su, amma kuɗin wuta kowane wata ne. Wani doki ya fi wani ci. Wani kwanjelater ma ya fi wani cin wuta. Ɗan makarantar da ya iya ninkawa da rabawa yana iya gano abin da kowane yake ci.

1. Yadda kwanjelater yake kawo sanyi

Kowa ya san ruwan tulu ya fi ruwan bokiti sanyi. Jikin tulu yana da ƴan ƙananan ƙofofi. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi. Ruwan da ya bushe yana tafiya da zafi, sai na cikin tulu ya yi sanyi. Haka zufa take yi ma jikin mutum.

Da irin wannan dabara kwanjelater yake aiki. A cikin bangonsa akwai siririn bututu wanda ya kewaye akwatin. A cikin bututun akwai wani abu da masu gyara suke ce ma gaz. Wani lokaci ruwa ne, wani lokaci iska ne. In ya juya daga ruwa ya koma iska, sai ya kwashi zafin da ke cikin akwatin. Daga nan moter ya matse shi da ƙarfi, ya tura shi wajen waje. A can ya saki zafin, ya sake zama ruwa, ya koma ciki ya sake ɗauko wani. Shi ya sa in aka taɓa jikin kwanjelater ta waje ake jin ɗumi. Zafin ciki ne ake fiddawa.

Ke nan kwanjelater ba ya zuba sanyi a ciki. Zafi yake kwashewa ya zubar waje. Moter shi ne mai wannan aiki, shi ne kuma mai cin wuta.

Ruwa yana daskarewa a digiri 0. Cikin kwanjelater ana son sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Ana rubuta shi haka: –18°. In sanyi ya kai nan, wata ƴar na'ura mai suna tarmosta sai ta tsai da moter. Amma zafin ɗaki ba ya daina kutsawa ta bango da ta bakin murfi. In ciki ya fara ɗumi, tarmosta ta sake ta da moter. Wanda ya zauna kusa da kwanjelater zai ji shi yana gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Lokacin gurnani ne kaɗai yake cin wuta.

Kwanjelater mai tsimin wuta shi ne wanda yake daɗewa shiru. Abu uku ne suke sa haka: bango mai kauri wanda aka cika da kumfa mai hana zafi wucewa, roba mai kyau a bakin murfi, da moter wanda ba ya ɓarnar ƙarfi.

2. Na kwance da na tsaye

Kwanjelater iri biyu ne. Akwai na tsaye, mai ƙofa daga gaba kamar firigo. Akwai na kwance, mai murfi daga sama kamar adaka.

Iska mai sanyi ta fi iska mai zafi nauyi. Saboda haka kullum ƙasa take nema. In aka buɗe ƙofar na tsaye, iska mai sanyi sai ta zubo ƙasa, har mutum ya ji ta a ƙafafunsa. Iska mai zafi ta shiga ta maye gurbinta. In aka ɗaga murfin na kwance, iska mai sanyi tana nan kwance a ciki, kamar ruwa cikin kwano. Kaɗan ce take fita. Wannan shi ya sa na kwance yakan fi na tsaye tsimi in girmansu ɗaya. Masu sayar da ƙanƙara suna buɗewa sau da yawa a yini, don haka shi suka fi so.

3. Wuta da awonta

Kamfanin da yake sayar da wutar lantarki a Nijar shi ne NIGELEC. An kafa shi a 1968. Wutar daga wurare dabam-dabam take fitowa. Tun 1976 akwai layin da ya haɗa Yamai da wutar Najeriya ta hanyar Birnin Kebbi. Wani layin ya taso daga Katsina, ya biyo ta Gazawa, ya kai Maraɗi da Damagaram. A arewa, kamfanin SONICHAR yana ƙona gawayin ƙasa na Anu Araren tun 1981. A Gorou Banda, kusa da Yamai, an buɗe tashar manyan injuna a 2017. A Malbaza, cikin jihar Tawa, an buɗe tashar hasken rana a 2018. Duk waɗannan ayyuka kuɗi suke ci. Shi ya sa ake auna ma kowane gida wutar da ya sha.

Ana auna hatsi da tiya, ana auna yadi da mitir. Wuta kuma da me ake auna ta?

Ƙarfin na'ura da wat ake auna shi. An samo wannan suna daga James Watt, wani maƙerin injuna na ƙasar Sikotilan, wanda ya rayu daga 1736 zuwa 1819. A jikin kowace na'ura an rubuta ƙarfinta, da harafin W a bayan lambar. Ƙwan fitila na zamani yana iya zama 10 W. Dutsen guga yana iya kai 1 000 W. Wat 1 000 shi ne kilowat ɗaya, kamar yadda giram 1 000 yake kilo ɗaya.

Amma ƙarfi kaɗai bai isa ba. Sai an san tsawon lokacin da na'urar ta yi tana aiki. Saboda haka ana ninka wat da awa:

wat × awa = wat-awa
wat-awa 1 000 = kilowat-awa 1

Ana rubuta kilowat-awa a taƙaice haka: kWh. Shi ne tiyar wuta. Shi kwanter yake ƙirgawa, shi ne kuma yake bisa faktir.

Ga misali. Ƙwan fitila mai 10 W yana ci awa 5 kowane dare.

10 × 5 = wat-awa 50 a dare ɗaya
50 × 30 = wat-awa 1 500 a wata
1 500 : 1 000 = 1,5 kWh

NIGELEC ba ta sayar da kowane kWh a kan kuɗi ɗaya. An yi ma kuɗin matakai. Gidan da ya sha wuta kaɗan yana biya bisa matakin ƙasa, mai sauƙi. Gidan da ya sha da yawa yana hawa matakin sama, inda kowane kWh ya fi tsada. Akwai kuma haraji da ake ƙarawa. Kowane gida yana iya duba faktir ɗinsa, ya raba kuɗin da ya biya da yawan kWh, ya san nasa farashi. Don lissafi ya yi sauƙi, a wannan darasi za a ɗauka kWh ɗaya 100 F ne, watau dala ashirin. Wata kuma kwana 30 ne.

Ke nan ƙwan fitilar nan yana cin 1,5 × 100 = 150 F a wata.

4. Lissafin moter

A ce an rubuta 100 W a jikin wani kwanjelater. Wanda bai san aikin tarmosta ba zai yi lissafi haka:

100 × 24 = wat-awa 2 400 = 2,4 kWh a kwana
2,4 × 30 = 72 kWh a wata
72 × 100 = 7 200 F

Wannan lissafi daidai ne in moter ba ya hutawa dare da rana. Amma kwanjelater mai lafiya yana hutawa. A ce in an haɗa lokutan gurnaninsa duka, awa 8 ne a kwana:

100 × 8 = wat-awa 800 = 0,8 kWh a kwana
0,8 × 30 = 24 kWh a wata
24 × 100 = 2 400 F

Moter ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya. Amma a lissafi na farko ya ci jika bakwai da wani abu, a na biyu jika biyu da wani abu. Bambancin daga yawan awoyin aiki ya fito. Don haka lambar wat kaɗai ba ta faɗin abin da za a biya.

5. Takardar da ke manne a jiki

Sabbin kwanjelater da yawa suna zuwa da wata takarda manne a murfi. Waɗanda aka yi domin kasuwar Turai suna da haruffa daga A zuwa G. A kore ne, shi ya fi tsimi. G ja ne, shi ya fi ci. Tun watan Maris na 2021 ake amfani da wannan jeri. Kafin nan ana rubuta A+, A++ da A+++. Na wasu ƙasashe taurari ake sa masu: in taurari sun yi yawa, tsimi ya yi yawa.

Abin da ya fi amfani a takardar shi ne lambar da take nuna kWh na shekara guda. A ce an rubuta 219 kWh a jikin wani mai cin litir 200.

219 : 365 = 0,6 kWh a kwana
0,6 × 30 = 18 kWh a wata
18 × 100 = 1 800 F

Sai dai a lura. A ɗakin gwaji aka auna wannan lamba, inda zafi a tsakaice bai wuce kamar digiri 25 ba. Daga –18° na ciki zuwa 25° na ɗaki, tazarar digiri 43 ce. A ɗakin kwano cikin bazara, zafi yana iya kai digiri 40. Daga –18° zuwa 40°, tazarar digiri 58 ce. In tazara ta ƙaru, zafi ya fi saurin kutsawa ciki, moter kuma ya fi wahala wajen fidda shi. Saboda haka kwanjelater ɗin da ya ci 0,6 kWh a ɗakin gwaji yana iya cin 1 kWh a Tawa cikin watan Mayu. Da ɗari kuwa, cikin Disamba da Janairu, cinsa yana raguwa.

A bayan akwatin akwai wani ɗan allo. A bisansa ana rubuta haruffan yanayi: SN, N, ST ko T. Mai N an yi shi domin zafin da bai wuce digiri 32 ba. Mai ST yana jurewa har 38. Mai T yana jurewa har 43. Wanda ya dace da Nijar shi ne mai T.

6. Kuɗin daskarar da ruwa

Lambar da ke bisa takarda kuɗin tsaron sanyi ne. Watau abin da kwanjelater yake ci don abin da ya riga ya daskare ya zauna a daskare. Mai sayar da ƙanƙara kuwa kullum sabon ruwa take sawa. Wannan wani aiki ne dabam, da kuɗinsa.

Don ruwa mai digiri 30 ya zama ƙanƙara mai –18°, aiki uku ake yi. Da farko a sanyaya shi har ya kai 0°. Wannan kashi ɗaya ne cikin huɗu na aikin. Sa'an nan a daskarar da shi. Wannan shi ne babban aiki, kashi biyu cikin uku. Ruwan yana tsaye a 0°, ba ya ƙara sanyi, har sai ya daskare duka. Ɗan abin da ya rage shi ne sanyaya ƙanƙarar zuwa –18°.

In aka haɗa duka, litir 10 na ruwa suna cin kamar 1 kWh a kwanjelater mai kyau.

A ce wata mata tana ƙulla leda 20 kowace rana, kowace leda rabin litir. Litir 10 ke nan. A ce kuma tana sayar da kowace 50 F, watau dala goma.

Ciniki: 20 × 50 = 1 000 F
Tsaron sanyi: 1 kWh = 100 F
Daskarar da ruwa: 1 kWh = 100 F
Leda da ruwa: 100 F
Riba: 1 000 – 300 = 700 F a rana

In matar nan ba ta ware 200 F na wuta kowace rana ba, za ta zaci ribarta 900 F ce. Ranar da faktir ya zo sai ta tarar ana bin ta 6 000 F, ta kuwa riga ta kashe su. Sana'a da yawa ta haka suke karyewa.

Kowane kwanjelater yana da iyakar ruwan da yake iya daskarar da shi cikin awa 24. Ana rubuta wannan da kilo a bisa allon baya ko cikin littafinsa. In aka cika masa ruwa fiye da ƙarfinsa, moter zai kwana yana gurnani, da safe kuma a tarar da ruwa a tsakiyar leda.

7. Sabo ko tsoho?

A Damagaram wata mata ta ɗauki adashi. Tana so ta fara sayar da ƙanƙara. Ta je kasuwa ta ga kwanjelater biyu masu girma ɗaya. Sabo 200 000 F ne. Tsoho, wanda aka yi aiki da shi a wata ƙasa, 110 000 F. Da dare wanta ya zo gidan. Shi mai gyaran firigo ne. Ɗiyarta, ƴar aji biyar, tana zaune kusa tana bitar karatu.

Matar ta ce: «Yaya, ni tsohon nan zan ɗauka. Jika ɗari da goma ne. Sabon kuwa jika ɗari biyu. Ina zan zubar da jika tasa'in a banza?»

Ya ce: «Na san tsohon nan, ni na zuba masa gaz. Robar murfinsa ta saki, kumfar bangonsa ta sha ruwa. Na auna shi, yana cin kilowat biyu da rabi a kwana, ko ba a sa masa kome ba. Irin sabon nan kilowat guda yake ci.»

Ta ce: «Ni ban san kilowat ba. Kuɗi na sani.»

Yarinyar ta ce: «Inna, bari in mai da miki shi kuɗi. Kawu, nawa zan sa kilowat-awa guda?»

Ya ce: «Sa dala ashirin, ɗiyata.»

Ta ɗauko allonta ta rubuta:

Tsoho: 2,5 × 30 = 75 kWh; 75 × 100 = 7 500 F a wata
Sabo: 1 × 30 = 30 kWh; 30 × 100 = 3 000 F a wata
Bambanci: 7 500 – 3 000 = 4 500 F a wata

Ta ce: «Inna, kowane wata tsohon zai fi sabon ci da jika huɗu da dala ɗari.»

Uwar ta ce: «To, yaushe jika huɗu za ta kamo jika tasa'in?»

Yarinyar ta raba: 90 000 : 4 500 = 20.

Ta ce: «Wata ashirin, Inna. Shekara ɗaya da wata takwas. Daga nan rangwamen da aka yi miki ya ƙare.»

Kawun ya ce: «Yi mata na shekara biyar ta gani.»

Shekara biyar wata 60 ne.

Tsoho: 110 000 + (7 500 × 60) = 560 000 F
Sabo: 200 000 + (3 000 × 60) = 380 000 F

Matar ta yi shiru tana duban allon. Can ta ce: «Ashe mai arahar shi ne mai tsadar. Da gaskiyar masu iya magana, araha ba ta ado. Amma Yaya, jika ɗari da hamsin kaɗai ke hannuna.»

Ya ce: «To, ki ɗan jinkirta ki cika, ko ki sayi sabo ƙarami. Gidanki ma in ya ƙara kilowat saba'in da biyar a wata, yana iya hawa matakin sama, kuɗin ya wuce abin da yarinyar nan ta rubuta.»

Ba kowane tsoho ne yake da wannan ci ba. Wani yana da sauran lafiya. Ba kowane sabo ne kuma yake da tsimi ba. Abin da ake so shi ne a auna kafin a biya. Yawan cin wutar tsofaffin firigo ya sa ƙasar Gana ta hana shigo da su tun 2013.

8. Yadda ake aunawa a gida

Tsohon kwanjelater ba shi da takarda. Amma kwanter yana iya faɗin gaskiyarsa. Ga yadda ake yi, tare da babban mutum:

Da safe, a kashe fitilu da bantilater da talabijin da duk abin da ke cin wuta. A bar kwanjelater kaɗai.
A rubuta lambar da kwanter ya nuna, da lokacin.
Bayan awa 12, a sake rubuta lambar.
A ɗebe ƙaramar daga babbar, a ninka da 2. Abin da ya fito shi ne cin kwana ɗaya.

A ce da ƙarfe 7 na safe kwanter ya nuna 3 240,0. Da ƙarfe 7 na yamma ya nuna 3 240,6. Bambanci 0,6 ne. 0,6 × 2 = 1,2 kWh a kwana. Da yake da rana aka auna, lokacin da zafi ya fi yawa, lambar takan ɗan ɗara gaskiya. In kwanter ɗin mai kati ne, lambar raguwa take yi. Sai a ɗebe ta yamma daga ta safe.

9. Hanyoyin rage kuɗin wuta

A aje kwanjelater a ɗakin da ya fi sanyi, inda iska take shiga. Kada rana ta taɓa shi. Kada a aje shi kusa da murhu.

A bar fili kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Kada a lulluɓe jikinsa da zane ko tabarma, don ta nan zafi yake fita.

A duba robar murfi. A sa ƴar takarda a bakin, a rufe, a ja. In ta fito ba wuya, robar ta saki, sai a sake ta.

Kada a buɗe ba dalili. Mai sayarwa tana iya kwashe ƙanƙarar da za ta sayar ta zuba cikin kula, ta rufe kwanjelater.

Kada a sa abu mai zafi. Zoɓo ya huce tukuna. Ruwan randa ya fi ruwan jarkar da ta yini a rana. An fi so a sa sabon ruwa da dare.

In ƙanƙara ta taru a bangon ciki har ta kai kaurin ɗan yatsa, a cire wuta, a bar ta ta narke, a goge. Ƙanƙarar bango tana hana bututu kwasar zafi.

In wuta ta ɗauke, a bar murfi a rufe. Kwanjelater cikakke yana riƙe sanyi fiye da wanda ba kome a ciki. Naman da ya narke ya yi ɗumi, kada a sake daskarar da shi.

10. A kiyaye

Kada a kankare ƙanƙarar bango da wuƙa. Wuƙa tana iya huda bututu, gaz ya zube. Gaz ɗin sabbin kwanjelater da yawa, mai suna R600a, yana kama wuta. Mai gyara kaɗai yake taɓa shi.

Kada a taɓa waya ko piriz da jiƙaƙƙen hannu. Wutar gida bolt 220 ce, tana kisa.

Kada yaro ya shiga cikin kwanjelater wajen wasan ɓuya, ko da wanda ya lalace aka jefar ne. In murfi ya rufe, iska ba ta shiga.

Abin tunawa

Kuɗin kwanjelater biyu ne: na saye da na wuta.
Wat × awa : 1 000 = kWh.
kWh na kwana × 30 × farashin kWh = kuɗin wata.
Zafin ɗaki da sabon ruwa suna ƙara cin wuta.

Kalmomi

kwanjelater: le congélateur
kwanter: le compteur
faktir: la facture
tarmosta: le thermostat
kilowat-awa: le kilowattheure
tsimin wuta: l'économie d'énergie

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan tulu ya fi ruwan bokiti sanyi?
2. Me ya sa jikin kwanjelater yake da ɗumi ta waje?
3. Don me na kwance ya fi na tsaye tsimi?
4. Wane harafin yanayi ya dace da Nijar? Don me?
5. Me ya sa matar Damagaram ta ce mai arahar shi ne mai tsadar?

Lissafi (kWh ɗaya 100 F ne)

1. Bantilater mai 50 W yana aiki awa 10 a kwana. kWh nawa yake ci a wata? Kuɗin nawa ne?
2. An rubuta 292 kWh a shekara bisa takardar wani kwanjelater. Nawa yake ci a kwana? Nawa a wata?
3. A wani shago, kwanjelater kaɗai ke bisa kwanter. Ran Litinin kwanter ya nuna 4 518. Litinin ta gaba ya nuna 4 532. kWh nawa yake ci a kwana?
4. Kwanjelater na farko 180 000 F ne, yana cin 1 kWh a kwana. Na biyu 120 000 F ne, yana cin 3 kWh a kwana. Bayan wata nawa kuɗinsu za su zo daidai?
5. Ku faɗi 4 500 F da 7 200 F da jika da dala.

Aikin gida

Ku roƙi iyayenku ko wani maƙwabci ya nuna muku faktir na wuta. Ku rubuta yawan kWh da kuɗin da aka biya. Ku raba, ku samo farashin kWh ɗaya. Ku sake yin lissafin matar Damagaram da wannan farashi, ku kawo aji a gwada da na sauran ɗalibai.